Ginshiƙin da Awaki Ke Lasa

Shafi na 21

Jiya kuran lantarki ya ɗauke, waya ta mutu. Masu cika mini saƙo da "ina ci gaba", ga shi. Wadda ta ce in haɗa Mansura soyayya da Shef Dauda ta nemi wani labarin. Nan aiki ake.

*

Awakin sun sake dawowa.

Mansura ta kore su da safe, ta kore su da hantsi. Ga su kuma bayan azahar a gindin shato, hasumiyar ruwan da aka gina, sun kafa kai jikin ginshiƙi suna lasa kamar an shafa masa zuma.

Ta ajiye igiyar awo ta tsaya tana kallo.

Ginshiƙan kankare huɗu ne ke ɗauke da tankin ƙarfen da ke can sama, biyu gabas, biyu yamma. Tunda jami'a ta turo ta sitaj, wato koyon aiki, wannan wurin gini, shantiye na Gidan Ishaƙu, arewa da Issawane, ta san kowane ginshiƙi tun yana rodi tsirara. Gobe ne resepsiyo, bikin miƙa aiki. Prefe, shugaban gunduma, da manya za su zo daga Mayahi, a kunna famfo, a cika tanki, matan gari su huta da rijiya. Jibi Patron, mai kamfanin, zai sa mata hannu a takardar gama sitaj. In babu wannan hannun, babu kare digiri bana.

Ko akuya ɗaya ba ta je yamma ba. Duk suna gabas.

"Kai! Kai! 'Yan banza!"

Inna Rukaiya ce, tsohuwar da Mansura ke kwana a ɗakinta, ta taho tana jan sanda.

Mansura ta ce, "Inna, awakinki za su cinye mana aiki."

"Su ma resepsiyo suka zo. Sun riga prefe."

"Me suke samu a jiki?"

"Bar su, ɗiyata. Kanwa suka ji."

"Kanwa?"

"Akuya ba ta lasar banza."

Mansura ta ture akuya ɗaya da gwiwa ta matsa. Akwai wani fari-fari da ya feso a jikin ginshiƙin, daga ƙasa har tsayin ƙirjinta. Ta gan shi tun makon jiya. Ta ɗauka irin wanda sabon siminti kan yi ne in yana bushewa.

Ta dangwala da yatsa ta kai baki.

Ɗaci-ɗaci. Santsi a harshe. Duk wanda ya taɓa shan kunun kanwa ya san wannan.

Ta tofar. Ta duƙa ta tsinci ƙusa, ta tafi ginshiƙin yamma ta karta da ƙarfi. Ƙusar ta zame, ta bar farin layi siriri.

Ta dawo gabas ta karta.

Yashi ya zubo mata a kan takalmi.

"Inna."

"Na'am."

"Ta ina kanwa ta shiga nan?"

Tsohuwar ta gyara tsayuwa, fuskarta ta washe.

"Au, ke ba ki nan, ko? Ranar da motarku ta ruwa ta mutu, aka aike ki Mayahi. Wayyo, kin yi rashin kallo."

"Faɗa mini."

"Ruwa ya ƙare masu da rana tsaka. Ga siminti an fasa, ga mutane tsaye. Shef ɗinku ya tahi wurin Maigari kamar zai yi kuka. Rijiyarmu kin santa, kafin raƙumi ya jawo wasaki guda kin yi sallah kin shafa. To ranar an riga an cika komaye tun asuba, na shayar da bisashe. Maigari ya ce a tsai da garke, a ba magina."

"Ruwan komaye."

"Kaf! Shanu na kuka, tumaki na kuka, ba wanda ya sha sai bayan la'asar. Mu mata muka yi layi da bidon ɗiban ruwa. Ni da tsufana na kai uku."

"Kuma an sa masu kanwa."

"Ranar kanwa ce mana. An jiƙa ta tun da daddare, ja, mai kyau. Ita ma muka bar maku." Inna ta daki ginshiƙin da tafin hannu. "Shi ya sa nike cewa wagga ƙafa tamu ce. Da ƙishin bisashenmu aka tsai da ita."

Mansura ta ce, "Haka ne, Inna."

Ta sa ƙusar a aljihun riga ta wuce.

*

Shef Dauda yana bayan kontenar siminti yana ɓalle murfin bokitin fenti da bakin cokalin gini. Shi ne shugaban shantiyen, shi ke ba magina umurni. Masu fenti biyu suna tsugune suna jira.

"Shef, ina son magana."

"Ga kunne, Madamazel."

"Ba nan ba."

Ya dube ta. Ya ce wa masu fentin su je su sha shayi.

Ta ce, "Da wane ruwa aka kwaɓa ginshiƙan gabas?"

"Da ruwa."

"Wane?"

"Mai jiƙa."

"Shef."

"Labo, ɗakin gwaji, ta ce aiki ya yi. Ke da kanki kika kai samfur Maraɗi, ke kika dawo kina murna."

"Ni na zuba samfurin. Da safe na zuba shi, daga kwaɓin yamma, da sauran ruwan mota. Sannan ka tura ni neman makanike. Na gabas ba wanda ya gwada."

"To?"

Ta fito da ƙusar ta nuna masa bakinta. Garin kankare na manne a jiki.

"Da wannan na karce shi. Da hannu ɗaya."

Dauda ya ci gaba da juya fenti da kara.

"Awaki suna lasa, Shef."

"Awaki har takarda suna ci. Sai a rushe lakwal, a kori ɗalibai?"

"Ranar kwaɓin ya yi maka daidai?"

Karan ya tsaya.

"Faɗa mini yadda ya yi."

Muryarsa ta sauka.

"Kamewa yake cikin baro. Kafin a hau da shi sama ya yi tauri. Na ce zafin rana ne."

"Sai kuka yi me?"

"Muka ƙara ruwa."

"Wane ruwan?"

Ya mai da ido kan bokitin fenti.

"Kun kwaɓa da kanwa, ya kame, kun sake sassauta shi da kanwa, kun ɗura."

"Ke ba ki nan!" Ya miƙe tsaye. "Kina cikin mota kina shan iska. Ni ina nan. Rabin ginshiƙi a zube, rabi babu. Kin san in aka tsaya a nan an yanka shi biyu. Na roƙi ruwa aka ba ni ruwa. Ruwan komi kullum gurɓatacce ne, wa zai duba? Maigari da kanshi ya ɗauki bido a kai, tsoho mai furfura. In ce mishi mi? Mai da kayanka?"

"Yaushe ka gane?"

"Da na zo wanke hannu. Santsi kamar sabulu."

"Ka faɗa wa Patron?"

Dauda ya zauna a kan bokitin da ba a buɗe ba. Ya goge wuya da hula.

"Madamazel, ke ɗaliba ce. Jibi ki karɓi takardarki ki koma. Mi ya kai ki?"

"Ka faɗa masa ko ba ka faɗa ba?"

Ya shuri bokitin da ke gabansa da ɗan yatsan ƙafa.

"Fentin ga, wa kike jin ya aiko da shi? Cikin tsarin aikin kin ga inda aka ce a shafa wa ginshiƙi fenti?"

Ba ta gani ba. Ta karanta tsarin har ta haddace. Babu.

"Cewa ya yi a fara da gabas," in ji Dauda. "Shafi biyu."

Ƙarar mota ta taso daga hanyar Issawane.

*

Injiniya Abdurrahamane ya fito daga farar motarsa yana gyara gilashi. Shi ne mai kamfanin, shi ne kuma mai kula da sitaj ɗinta. Abokin babanta ne tun suna makarantar lise. A shantiye Patron take ce masa. A gidansu na Tasawa, Tonton, wato kawu.

Rabilu mai haɗa famfo ya fito ta ɗayar ƙofar. Patron ya yi masa magana a kunne, ya miƙa masa makulli. Rabilu ya nufi kejin waya da aka kewaye famfon da faifan hasken rana. Mansura ta gani, ba ta kula ba. Hankalinta yana kan abin da za ta ce.

"Ma fille! Kin yi baƙi. Babanki zai ce na gasa mashi ɗiya."

"Sannu da zuwa, Patron. Ina son minti biyar."

"Yau ba ni da ko ɗaya. An kafa rumfa? Kujeru sun iso?"

"Maganar ginshiƙan gabas ce."

Ya cire gilashin. Ya kalli Dauda, wanda ya tsaya nesa. Dauda ya kalli ƙasa.

"Zo nan."

Suka zagaya bayan motar, inda ɗan inuwa take.

Ya ce, "Na sani."

"Na san ka sani."

"To kin rage mana aiki. Na sake lissafi da kaina. Rodin da ke ciki ya fi abin da ake bukata. Akwai rara. Coefficient de sécurité, an koya maku, ko?"

"An koya mana."

"Voilà."

"An kuma koya mana ba a lissafi da ƙarfin da ba a auna ba. Da wane ƙarfi ka yi lissafin, Patron? Ba wanda ya gwada gabas."

"Da ido. Ina wannan aiki tun ba a yaye ki ba."

"Na karce shi da ƙusa."

"Fatar waje ce. Ciki lafiya lau."

"Wataƙila. A kawo inji a yanko daga cikin, a kai labo. In ya yi, ni zan fara ba ka haƙuri. Kafin nan kada a cika."

Ya yi dariya gajera.

"A ɗage resepsiyo."

"I."

"Prefe ya sa a ajandarsa. Waɗanda suka ba da aikin sun taso daga Yamai, yanzu haka sun wuce Dogonduci. An yanka sa. In kira su in ce mi? Sitajiya ta ga akuya?"

"Ka ce masu gaskiya."

"Kin san abin da ake yi wa kamfanin da ya ɗage resepsiyo saboda ginshiƙi? Ba a zaginshi. Ba a dai sake kiranshi. Mutum nawa ke ci a bayana, kin ƙirga?"

"Tan talatin ne nauyin ruwan in tankin ya cika, Tonton."

"Za a tsaya a rabi."

"Famfon rana ne. Bai san rabi ba. Mu tafi, rana ta fito, ya cika."

"Sai in gaya masu."

"Ka gaya wa mutanen da suka shekara suna jan wasaki su kashe famfo ruwa na zuwa? Da wane dalili?"



Ta nuna da hannu. "Dubi inda muka sa kawunan famfo. A ƙarƙashi. Tsakanin ginshiƙan. Duk filin nan ba wata inuwa sai ita. Nan mata za su zauna jiran layi, da goyo."

"Ba zai faɗi ba."

"Ka tabbata?"

"Na ce ba zai faɗi ba."

"Ka sa kujerarka a ƙarƙashi gobe?"

Ta ji kalmar ta fita kafin ta auna ta. Fuskarsa ta canja. Ya mai da gilashin a hankali.

"Wurare nawa kika nemi sitaj kafin babanki ya kira ni?"

Ta kau da kai.

"Ina tambaya."

"Da yawa."

"Wa ya amsa maki?"

"Kai."

"Ni. Kowa ya ce mace ba ta iya daji. Na ce a ba ni ita. Jiya ma babanki ya kira, yana tambaya wace shadda zai ɗinka ta ranar da za ki kare digiri. Na ce ya ɗinka mai tsada." Ya ciro hankici ya goge tafin hannu. "Ba barazana nike maki ba, Mansura. Amma ni ba na sa hannu in ce mutum ya iya aiki tare da jama'a alhali bai iya ba. Kin gane?"

"Na gane."

"In kika rasa bana, sai baɗi. In wani ya ɗauke ki. Mu 'yan kwangilar jihar ga duka mun san juna."

Rabilu ya dawo ya miƙa masa makullin. Patron ya karɓa bai dube shi ba.

"Ki je ki taimaka a jera kujeru."

Ba ta motsa ba.

"Ban ji ba?"

"Ba zan iya yin shiru ba, Tonton."

"Ba za ki iya ba."

"A'a."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba farashin da ya zata.

"Bon. To ba ni za ki gaya wa ba. Ruwan ba nawa ba ne." Ya ɗaga murya, ya ɗaga hannu wajen masu kafa rumfa. "Maigari! Ranka ya daɗe! Ɗan taho, don Allah!"

"Tonton..."

"A'a, ai gaskiya kike so. Ga mai ruwan nan tafe. Ki dubi idonshi ki ce mashi ƙishin da ya sa wa garkenshi banza ne. Ki ce mashi kyautarshi ce ta ɓata aikin. Gaban mutanenshi. Bismilla."

*

Maigari Salifu ya taho a hankali, yana dogara sanda, dattawa huɗu a bayansa. Masu kafa rumfa suka bar igiya suka biyo. Mata da ke share fili suka tsaya da tsintsiya a hannu. Inna Rukaiya tana cikinsu.

"Injiniya, barka da isowa. An zo lahiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ina mutanen Tasawa?"

"Suna gaishe ka."

Maigari ya juyo wajen Mansura, ya yi murmushi, haƙoransa ja da goro.

"Ga ɗiyarmu. Injiniya, wagga yarinya ka bar mana ita. Rana ba ta kore ta ba, kunama ba ta kore ta ba, tuwon Rukaiya ma bai kore ta ba."

Aka yi dariya. Inna ta ce, "Ka ci ka ƙoshi ka zage shi!"

"Dama ina nemanki," in ji Maigari. "Mata sun zauna jiya. Sun ce gobe ba prefe zai buɗe famfon farko ba. Ke za ki buɗe. In prefe ya ji haushi ya buɗe na biyu."

Wata ta rangaɗa guɗa.

Patron ya bari guɗar ta ƙare.

"Ranka ya daɗe, ɗiyar taka tana da magana. Kan ruwan da kuka ba mu ranar nan."

"Ah, wannan." Maigari ya kaɗa hannu. "Kak ki yi godiya, ɗiyata. Wanda ya zo gina maka rijiya ba ka hana mashi ruwa. Ko bisashen sun san don su aka yi."

"Ba godiya ba ce," in ji Patron. "Mansura, muna jinki."

Ido ya dawo kanta.

Ta buɗe baki. Ta san kalmomin da Faransanci, a jere, yadda suke a littafi. Da Hausa duk wadda ta ɗauko sai ta ji zagi ce. Ta dubi wuyan tsohon, siriri, jijiyoyi a waje. Ta tuna an ce ya ɗauki bido a kai.

"Baba..."

"Na'am, ɗiyata."



Patron ya harɗe hannu. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Akwai baro a gefe, da kayan magina a ciki. Ta taka ta ɗauki guduma.

"Madamazel!" in ji Dauda.

Ba ta waiwaya ba.

"Baba, zo ka gani. Ku matsa da yaran can."

Ta shiga ƙarƙashin shato. Jama'a suka biyo, suka tsaya a bakin inuwa. Ta je ginshiƙin yamma ta ɗaga guduma ta buga a kusurwa.

Ƙau!

Gudumar ta yi tsalle ta dawo, hannunta ya ɗauki zafi har kafaɗa. A jikin kankaren, ɗan tabo kamar ƙwayar gero.

Ta sake bugawa. Ƙau!

"Kun ji?"

"Mun ji," in ji wani dattijo. "Dutse ne."

Ta tsallaka gabas. Awakin suka watse.

"Mansura." Muryar Patron ce, a ƙasa. "Ajiye gudumar nan."

Ta ɗaga.

"Ki yi tunanin babanki."

Ta buga.

Bai yi ƙara ba. Wani irin "bus" ya yi, kamar an daki buhun dusa. Kusurwar ta ɓalle, guntu kamar kan jariri ya faɗo ya tarwatse a ƙasa. Yashi ya biyo baya yana tsiyaya. A cikin ramin, rodi ya leƙo.



Maigari ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa. Ya duƙa da ƙyar ya ɗauki ɓallin kankaren. Ya murza tsakanin yatsu, ya zama gari. Ya kai baki.

Ya daɗe yana juya harshe.

"Kanwarmu ce."

"Ita ce, Baba."

"Ita ta yi wannan?"

"Siminti ba ya shiri da ita. Tana sa ya kame da wuri, ya rasa ƙarfi."

"Ashe mu muka ɓata."

Inna Rukaiya ta saki tsintsiya. "Innalillahi. Ni da na kai uku."

"A'a," in ji Mansura. "Ruwa aka roƙe ku, ruwa kuka ba da. Dubawa aikinmu ne."

Maigari ya ce, "Zai faɗi?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani sai an gwada. Abin da na sani, kada a ɗora masa ruwa kafin nan."

Maigari ya kakkaɓe hannu a jikin riga. Bai dube ta ba. Ya dubi Dauda, ya dubi Patron.

"Injiniya, kai yau ka ji, ko ka daɗe da ji?"

Patron ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce. Karatu ne bai gama zama ba. Duk ginin da ka sa wa guduma a kusurwa zai ɓalle."

"Na yamma bai ɓalle ba."

"Zan yi maka bayani a zaure, mu biyu."

"Tambaya guda na yi."

Patron ya juyo wajen Mansura, ya yi magana da Faransanci don kada a ji, sannan ya maimaita da Hausa don a ji.

"Ki tattara kayanki. Sitaj ɗinki ya ƙare yau. Ba takarda, ba sa hannu. Ki nemi motar da za ta kai ki Tasawa, tawa ta cika."

Ta ce, "To."



Sai bututun da ya hau jikin ginshiƙin ya yi tari.

Ya sake yi. Ya girgiza, maɗauransa suka yi ƙara.

Daga can sama wani sauti ya sauko, kamar an juye tsakuwa a cikin tanon ƙarfe. Ya ƙaru. Ya zama ruri.

Yara suka fara tsalle. "Ruwa! Ruwa ya hau!"

Mansura ta ɗaga kai. Ruwa ne ke zuba cikin tankin da babu komai. Ta dubi rana. Ko la'asar ba a kira ba, kuma babu gajimare ko ɗaya.

"Rabilu! Ka kunna?"

Rabilu ya ja baya. "Patron ya ce a fara tun yau. Wai kafin baƙi su iso ya cika."

"Je ka kashe!"

"Na rufe kejin. Makulli ba ya hannuna."

"Ku fita daga ƙarƙashi!" in ji Dauda. Ya fizgi yaro ɗaya ta hannu ya wurga waje. "Ku fita, na ce!"

Mata suka kwashi 'ya'ya. Inna tana dukan awaki. Maigari bai gusa ba. Yana tsaye a gindin ginshiƙin gabas, yashi na zubo masa kusa da ƙafa.

"Ɗiyata," ya ce, "a kashe ko a bari?"

"A kashe, Baba. Yanzu."

Maigari ya miƙa tafin hannu wajen Patron.

"Injiniya. Makulli."

Patron ya dubi hannun. Ya dubi jama'a. Ya dubi makullin da ke tsakanin yatsunsa.

Ya zura shi a aljihu, ya danne bakin aljihun.

"Har gobe da safe aikin ga nawa ne, ranka ya daɗe. Duk wanda ya taɓa mini kaya, jandarma zai yi wa bayani."

Ruwan yana ta zuba a sama.

Tsakanin shato da kejin famfo fili ne fetal. A ƙofar kejin, sabon kwaɗo yana ƙyalli.

Mansura ta dubi hannunta.

Gudumar tana nan.